Ki Ce wa Wancan

A gidanmu na Kakuri, saƙo ba ya tafiya kai tsaye daga ƙofar kicin zuwa gindin gwaiba. Sai ya biyo ta kaina. Tazarar ba ta wuce tsawon tabarma biyu ba, amma Umma takan ƙwala mini kira ina ɗaki, in ajiye littafi in fito, ta ce, "Ki ce wa wancan abinci yana hucewa." Ni kuma in juya wajen Yaya, wanda ya ji komai da kunnensa, in ce, "Yaya, in ji Umma, abinci yana hucewa." Ya ce, "To." In sake juyawa in ce, "Umma, ya ce to." Ta ce ai ta ji, ba kurma ba ce.

Yaya ɗan fari ne, Umma kuwa 'yar Kakau ce da ta tashi a hannun tsofaffi. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama inda yake zaune. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, bai dawo ba sai da ya isa shiga makaranta. Akwai wani ɗan garuwa mai suna irin na Yaya da ke wucewa ta ƙofarmu kullum, ruwansa ya fi na kowa tsabta, amma ba a saye sai in ina gida, don Umma ba ta da bakin kiransa.

Da can wannan bai dami kowa ba, saboda Yaya yana da surutun mutum uku. Kanikanci yake koyo a garejin wani Ibo, bayan tsohuwar masaƙa. Da yamma yakan dawo da baƙin mai har gwiwar hannu, ya tsaya ƙofar kicin ya kwashe labarin kowace mota da mai ita ya zuba wa Umma, ita kuwa ta ba shi baya tana juya miya, tana ce wa tukunya, "Allah ya shirya." Ba abin da yake so kamar ya sa ta faɗi sunan nan. Wata rana ya shigo ya gyara fuska ya ce, "Umma, masu ƙidaya ne a waje, sun ce ki jero sunayen 'ya'yanki, a fara daga babba." Umma ta rarumi muciya. Har bakin titi muna jin dariyarsa.

Ina gab da gama sakandare ciwon ya zo. Ya fara cewa injinan gareji suna ambatonsa, ya toshe tagar ɗakinsa da kwali, ya daina cin abincin da bai ga dahuwarsa ba. Ba zan tsaya a kan wannan ba. An yi hayaƙi, an sha rubutu, daga baya Baba ya yarda aka kai shi asibitin ƙwaƙwalwa. A can suka ba cutar suna mai tsawo, sikizofiriniya, wanda ni kaɗai ce a gidan ke iya faɗinsa ban yi tuntuɓe ba. Magani ya kama. Muryoyin suka yi shiru, aka cire kwalin taga, Umma ta yi sadakar waina. Muka zauna jiran Yaya ya dawo.

Wanda ya dawo ɗin sai ya nemi benci a gindin gwaiba ya zauna. In an ce ya yi wanka ya yi, in ba a ce ba ya wuni da rigar da ya kwana da ita. In an ajiye abinci ya ci, ba ya cewa ya yi gishiri, ba ya neman ƙari. Ranar da ƙungiyar ƙwallon da yake mutuwar so ta ci wasa, unguwa ta ɗauki ihu, yara suna buga galan, na fito da gudu na gaya masa. Ya ce, "To." Da aka lallasa su a wasa na gaba na sake gaya masa. Ya ce, "To," da murya ɗaya, da fuska ɗaya. Ba kuka yake ba, ba fushi yake ba. Da ɗaya daga ciki ne, da mun san abin yi.

Gaisuwa ce ta rufa mana asiri. Ina kwana, lafiya. Ina gajiya, babu. Ya jiki, da sauƙi. Amsoshin nan a ɗinke suke tun kaka da kakanni, Yaya kuwa yana miƙa su daidai, bai taɓa saka ɗaya a gurbin ɗaya ba. Sai baƙo ya fita yana godiya ga Allah, wai ya warke garau, har ma ya fi da natsuwa. Wani dattijo a layinmu ya riƙa kafa misali da shi ga 'ya'yansa, yana cewa su dubi yaron nan, ba majalisa, ba waya, ba hayaniya. Ogansa kaɗai ne bai ruɗu ba. Ya zo da lemon kwalba, ya zauna kusa da shi, ya yi ta Hausarsa gauraye da buroka: "Kai, my boy, gareji yana jiranka o. Ko sipana kawai ka zo ka riƙe mini." Yaya ya ce, "To." Oga ya daɗe yana kallonsa, ya tashi ya tafi bai sha nasa lemon ba.

A asibiti ba su zauna ba. An rage magani, ko shi ne ke kashe masa jiki. An canza wani. An ƙara wanda ake ba masu ciwon damuwa. An gwada wani da sai ana ɗibar jininsa a kai a kai, har masu ɗibar jinin suka san ni, suna ce mini 'yar rakiya. Duk lokacin da aka yi canji sai mu kafa wa fuskarsa ido kamar masu duban watan Sallah. Umma ba ta da ikon dubawa da kanta, sai ta yafito ni ta raɗa mini, "Leƙa mini, kamar murmushi na hango ta wutsiyar ido." In je in tsaya gabansa in duba da kyau, don ba na son kawo rahoton da ba haka ba. In dawo in ce, "Umma, hamma ce."

Haka muka ci shekaru, ni ce wayar gidan. Baba yana fita shago tun da sassafe, sai bayan isha'i yake dawowa. Ni na san ranar asibiti, ni na san ƙwayar safe da ta dare, ni ce mai cewa in ji Umma.

Sai na samu gurbin karatu a jami'a, a Zariya.

An yi murna kwana ɗaya, washegari Baba ya kira ni da Umma ya zaunar. Ya ce ya yi magana da Kawu, yayan Umma da ke noma a Kakau, kuma Kawu ya ce a ba shi yaron. Kowa a dangi ya san ra'ayin Kawu: babu ciwon da fartanya ba ta warkarwa, ƙwayoyin asibiti ne suka mayar da yaro gunki, in ya zo hannunsa ranar farko zai zuba su a masai. Ni kuwa na san abin da zai biyo bayan haka, don na ga kwali a taga sau ɗaya, ba na son in sake gani.

Na buɗe baki, muryata ta fito kamar ta sauro. "Baba, likita ta ce kada a daina."

"Na sani, 'yar boko," in ji shi, ba da faɗa ba. "To ki gaya mini wa zai kula. Ni ina shago. Uwarsa ba ta magana da shi. In kin tafi, gidan nan babu mai ce masa tashi, babu mai ce masa zauna. A can aƙalla akwai masu yi masa tsawa."

Umma ta kafa wa tabarma ido. Aka tsaya a kan cewa kafin in tafi Kawu zai zo da mota.

Abu ɗaya na iya yi. Da ranar asibiti ta zagayo na ce wa Umma ta raka mu, wai don ta san hanya. Muka shiga napep, ita a wannan gefe tana kallon waje, shi a wancan gefe yana kallon ƙeyar direba, ni a tsakiya kamar katanga.

Likitar Yaya 'yar Kudancin Kaduna ce, mace mai jiki, mai dariya da ƙarfi. Ta gaishe da Umma da kyau, sannan ta yi mata bayanin da ta sha yi mini. Ta ce cutar nan hannu biyu gare ta. Ɗaya yana ƙara wa mutum abin da babu, muryoyi da zargi, wannan magani yana iya riƙe shi. Ɗayan kuma yana ɗauke abin da akwai: sha'awa, da zance, da ƙarfin fara abu, da abin da fuska ke nunawa.

"Wannan na biyun, Mama, ba zan yi miki ƙarya ba, magungunanmu ba su cika taɓa shi ba. Mun gwada abin da muke da shi. Ba lalaci ba ne, ba raini ba ne. To wa ke hira da shi a gida?"

Umma ta nuna ni da haɓa.

Likita ta dube ni, ta ajiye biro, ta fashe da dariya. "Wannan? Tun da take zuwa nan ban taɓa jin ta haɗa magana biyu a jere ba. Mama, ke fa?"

Umma ta ɗaga kai ta shiga nazarin fankar silin. Can ta taɓo ni da gwiwar hannu. "Ki ce mata ɗan fari ne."

"Ai na ji, Mama, ni ba ɗiyar fari ba ce, ki yi mini magana kai tsaye." Har Umma sai da ta rufe baki da mayafi. Likita ta gyara zama ta ce ta san al'adar, ba ta raina ta ba, amma kunyar nan an yi ta ne don ɗa mai kawo kansa. Wannan ba zai kawo kansa ba, sai an je. Ta ce a samo masa ƙaramin aiki guda, kullum a lokaci guda, a yi tare da shi, kada a jira sai ya so. A faɗa masa abu a fili, ɗaya bayan ɗaya. In an tambaye shi a jira amsa, ko za ta daɗe, kada a amsa masa. Kuma kada a nemi godiya a fuskarsa, don rashin gani a fuska ba ya nufin babu komai a ciki.

Duk wannan a gaban Yaya aka yi. Likita ta juya ta ce, "Malam, ka yarda?" Ya ce, "To."

A hanyar dawowa Umma ta koma gefenta na napep tana kallon waje. Amma washegari da hantsi na ga ta fito da faranti cike da wake, ta ja kujera 'yar tsugunno, ta zauna a wurin da ba ta taɓa zama ba, tsakanin kicin da gwaiba, ta ba benci gefe. Na laɓe bayan labule da littafina. Ta yi gyaran murya, ta sake yi. Sai ga kazarmu, wata ja mai ɗingishi, ta zo wucewa. Umma ta ga mafita.

"Ke kazar nan," ta ce da ƙarfi, "kin ga waken nan ba zai tsince kansa ba. Da a ce gidan nan akwai mai hannu biyu da ba abin da yake yi, da an gama tuni."

Kaza ta karkata kai. Yaya bai motsa ba.

"Wasu dai Allah ya ba su yatsu goma. Ke ba ki da ko ɗaya, amma ga ki kina nema."

Kaza ta ɗauka gayyata ce, ta matso ta sa baki a faranti. Aka yi kora, wake ya zube, Yaya yana kallo kamar talabijin ɗin da aka kashe wa murya.

Umma ba ta karaya ba. Ita a saninta hannunka-mai-sanda ya ishi mai hankali, da shi ta tarbiyyantar da mu, da shi take sa Baba ya sayo gawayi ba tare da ta ce ya sayo ba. Kullum da hantsi sai ta fito da faranti. Kaza ta ji labarin tsadar wake, ta ji amfanin wanka da safe, ta ji cewa akwai riga wankakkiya a kan igiya da ke jiran mai ita. Ranar da kaza ta shiga kwanci, Umma ta koma kan gwaiba. Daga gwaiba ta gwada buta.

Na same ta a kicin na ce, "Umma, likita ta ce a fili."

"To a ɓoye nake yi? Duk layin nan suna ji."

Gaskiyarta, suna ji. Maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara ta tare ni a ƙofa, ta ja ni gefe, ta rage murya. "'Yata, kada ki ɓoye mini, mu duka ɗaya ne. Jiya na ji Hajiya tana yi wa buta nasiha. Ko ita ma za a kai ta a duba? Abin nan wani lokaci a jini yake." Na rasa ta inda zan fara, na ce da sauƙi. Da yamma ta aiko mana da ƙanƙara kyauta.

Abin da Umma ba ta gane ba, ni ma sai a hankali na gane, shi ne gugar zana tana buƙatar wanda zai miƙa hannu ya ɗauka. Sai ka ji maganar, ka ce da ni ake, ka ji kunya ko haushi, ka tashi. Duk waɗannan matakan su ne ciwon ya cinye. Na tambaye shi wata rana, "Yaya, ka san da wa Umma take?" Ya yi shiru har na ɗauka ya manta da ni, sannan ya ce, "Da kaza." Ba ba'a yake ba. An ce kaza, ya bar wa kaza.

Ana haka ranar ta zo. Kawu ya iso da hantsi a wata a-kori-kura da ya kawo masara kasuwa da ita, ya bar direba a waje da injin a kunne, don in ta mutu sai an tura. Baba bai fita shago ba. Na riga na haɗa wa Yaya kaya a jaka, na sa magungunan a leda na cusa can ƙasa cikin safa, ina fatan a yi sa'a. Umma tana kan kujerarta da farantin wake, kaza tana kewaye.

Aka gaisa. Kawu ya dubi Yaya ya girgiza kai. "Dubi ƙato har ƙato. Wata ɗaya a gona, Malam, za ka ga ya dawo yana cin tuwo kwano biyu yana zagin mutane." Ya ja jakar ya zuge, ya shiga lalube kamar ɗan sandan kan hanya. Bai daɗe ba ya zaro safar. Ya zazzago ledar daga ciki, ya ɗora ta kan taga. "Waɗannan ba za su bi mu ba."

Na ce, "Kawu..." Na dubi Baba, Baba yana duban takalminsa.

"Kai, tashi mu je," in ji Kawu.

Yaya ya ce, "To," ya miƙe. Da an ce masa ya zauna ma to ɗin zai ce. Ya bi bayan Kawu, silifas ɗinsa yana jan ƙasa, ya wuce ta gaban Umma.

Umma ta juyo wajena da sauri. "Ki ce wa..." Sai ta tsaya. Ta dubi kaza. Kaza tana tonon ƙasa, ba ta da niyyar taimakon kowa. Na ga Umma ta ajiye faranti a cinya, ta gyara ɗaurin kallabi kamar mai shirin ɗaukar kaya, ta ɗaga kai ta dubi ɗanta a fuska.

"Kai. Dawo ka zauna. Ba mu gama tsintar waken nan ba."

Kawu ya juyo baki buɗe. "Ke! Ɗan farin naki? Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Da tsohuwa tana raye da ta suma."

"Alhaji, na yi wa kaza magana har bakina ya bushe, ba ta tsinci ko ƙwaya ɗaya ba sai wadda ta haɗiye." Umma ba ta sauke ido ba. Yaya ya tsaya tsakanin mutum biyu, an ce tafi, an ce dawo. Sai Umma ta tambaye shi, a fili, kamar yadda aka koya mata: "Kana son zuwa Kakau?"

Kawu ya ce, "Ai ya riga ya ce..."

"A jira shi," in ji Umma.

Muka jira. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba, ni da nake zaune da shi kullum. Direba ya danna hon. Kawu ya duba agogo, ya buɗe baki, Baba ya ɗaga masa hannu. Yaya yana kallon ƙasa, fuskar nan yadda take kullum, ba abin da za ka karanta a kanta. Har na fara cewa a raina shi ke nan, to ɗin zai sake cewa.

Ya ce, "Akwai sauro a can."

"Nan ɗin fa?" in ji Kawu. "Kakuri ce babu sauro? Ga kwata a ƙofarku!"

Yaya bai ƙara ba. Ya juya ya koma, amma maimakon benci sai ya tsuguna gaban farantin, don an ce masa wake. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya duba ta, ya ajiye gefe. Umma ta kawar da kai da sauri, kunyar ta dawo mata gaba ɗaya, amma ba ta tashi ba.

Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Alhaji, ka ji mai jiki. Ni dama abin da na ce, babu mai ce masa tashi, babu mai ce masa zauna. Ga shi an samu." Ya miƙa hannu ya ɗauko ledar daga taga ya ba Umma, ba ni ba. "'Yar boko, ki nuna mata ta safe da ta dare."

Kawu bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Ya ce za mu neme shi. Amma sai da ya zauna ya ci ɗanwake, motar ta mutu a waje, muka tara yaran layi suka tura. Kafin ya tafi Umma ta sa aka kama kazar aka ɗaure mata ƙafa, ta ce a ba iyalinsa. Kawu ya ce ta mece ce. Ta ce aikinta ya ƙare a gidan nan.

Na tafi Zariya. Yaya bai warke ba, kuma ba na son wani ya ɗauka haka nake nufi. Har yau benci yana gindin gwaiba, har yau sai an ce ya yi wanka, akwai ranakun da ko waken ba ya taɓawa, Umma ta tsince ita kaɗai a gefensa. Bai koma gareji ba. Likita tana nan tana gwada abin da ta samu, muna nan muna duban wata. Amma taga ba ta sake ganin kwali ba, kuma da hantsi, in lafiya, za ka same su su biyu da faranti a tsakani. Daga wake aka ƙara kai niƙa: shi a gaba da bokiti, ita a baya da mayafi.

Abin da ba wanda ya zata shi ne yawan maganar da Umma ta tara. Ashe duk shekarun nan ajiya take yi. Da na zo hutun farko na tarar tana ba shi labarin ranar da aka haife shi, da ruwan saman da aka yi, da yadda kakarmu ta ƙwace shi, da rigimar gonar Kawu, da farashin tumatir, ba ta tsayawa sai ta tambaye shi wani abu, sannan ta yi shiru ta jira. Sunan dai har yanzu ba ta kama ba. Na tambaye ta, ta ce in kiyaye ta, ba ta haukace ba tukuna. Ɗan garuwan nan ma har yau ba ta saye a wurinsa.

Da ta shiga kicin na zauna kusa da Yaya a benci. Na ba shi labarin makaranta kaɗan, ya ce to. Na ce, "Yaya, ya gidan bayan tafiyata?" Na jira, don ni ma na koya.

Ya daɗe yana kallon ƙofar kicin. Sannan ya ce, "Umma tana da surutu."

Daga ciki muka ji muryarta: "Ki ce wa wancan ina jinsa."